Shirin Mahaukaciyar Guguwa ga 'Yan Bauchi da Gombe da Suka Sauka a Gaɓar Tekun Amurka

Duk wanda ya tashi a Bauchi ko Gombe ya san daga gabas hadari yake tasowa, sai dai ba kowa ya san cewa irin wannan hadari, idan ya nausa yamma ya wuce Senegal ya faɗa Tekun Atilantika, yakan rikiɗe wani lokaci ya zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Fulorida, Luwiziyana da Tekzas ba. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, wato daidai lokacin da sababbin ɗalibanmu ke sauka.

Cibiyar da ke sa ido kan guguwa a Mayami takan fitar da sanarwar ankararwa awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sannan gargaɗi idan saura awa 36. Ana auna ƙarfin iskar daga mataki na 1 zuwa na 5, amma kada ƙanƙantar lamba ta yaudare ku, domin guguwar Beryl da ta sauka Tekzas a Yulin 2024 tana mataki na 1 ne, ta kuma bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 babu lantarki. Ruwa ne ma ya fi iska kisa. A 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wani yanki da ke gabas da birnin Hustan na jihar Tekzas cikin 'yan kwanaki, fiye da abin da Bauchi ke samu a damina guda. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da yawa ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuwa ya isa ya tafi da ƙaramar mota, saboda haka kada ku kutsa titin da ruwa ya shanye.

Mutanenmu sukan ce ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne gare su, kuma a ganina nan ne haɗarin yake. A gida akwai rijiya ko mai garuwa, akwai gawayi, akwai tsakar gida da za a shimfiɗa tabarma. A can kuwa da yawan gidajen haya murhunsu na lantarki ne, ɗakunan kuma an gina su ne domin na'urar sanyaya ɗaki, idan ta tsaya zafi yakan zama abin tsoro ga yara da tsofaffi. Janareta kuma kada a kuskura a kunna shi a gareji ko baranda. A ajiye shi waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Haka ma gawayi a cikin ɗaki.

Ku tanadi ruwa kusan lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana 3, ku cika bahon wanka domin tsarki da banɗaki. Garin kwaki, dabino, gyaɗa da kifin gwangwani ba sa buƙatar girki. Ku cika tankin mota, ku ciri kuɗi a hannu, ku caja wayoyi, ku sa fasfo da takardun zama a leda mai zif. Inshorar masu haya galibi ba ta biyan ɓarnar ambaliya, inshorar ambaliya ta gwamnati kuwa takan ɗauki kwana 30 kafin ta fara aiki.

Ku binciki ko unguwarku tana cikin yankunan da ake kwashe mutane daga cikinsu idan guguwa ta tunkaro tun kafin hadari ya haɗu, idan hukuma ta ce a tashi ku tashi da wuri, domin tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Mai zuwa matsugunin gaggawa ya tafi da abincinsa na halal, magungunansa da darduma. Idan iska ta lafa farat ɗaya kada ku fita, wataƙila tsakiyar guguwar ce ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya ɓangaren. Kafin ta iso kuma, ku kira Baba da Inna ku shaida musu inda za ku fake, ku gaya musu waya na iya yankewa na kwanaki, ku ba su lambar wani ɗan'uwa da ke wata jiha wanda za ku riƙa aika wa saƙo.