Yadda Ake Gwada Aikin Ƙura Wajen Daskarar da Ruwa, a Firizar Gida

A makaranta an koya mana cewa ruwa yana zama ƙanƙara a digiri sifili. A cikin gajimare ba haka abin yake ba. Ƙaramin ɗigon ruwa mai tsabta yana iya zama a ruwansa har sanyi ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifili, muddin bai sami wani abu da ƙanƙara za ta fara kamawa a jikinsa ba. Ƙurar ƙasa na cikin manyan masu yin wannan aiki, kuma mu da hunturu ke kawo mana ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba sai mun je nemanta ba. Ina so kowane malamin kimiyya ya nuna wa ɗalibansa wannan da idonsu.

Ga kayan aiki: ruwan allura daga kemis, sabbin sirinji uku, faranti mai murfi, man Vaseline, ƙurar da ta kwanta a taga, da tsakuwar gini mai ɗigo-ɗigon ja.

Da farko a wanke farantin, ya bushe, a shafe shi da man siriri. Man ne zai raba ɗigon da jikin farantin, don kada farantin da kansa ya tayar da ƙanƙarar.

Sai a raba ruwan kashi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a zuba masa ƙurar taga kaɗan, a girgiza. Na uku a daka jajayen ƙwayoyin tsakuwar su yi laushi kamar gari, a zuba. Waɗannan ƙwayoyi su ne ma'adinin felsfa mai sinadarin fotasiyam, wanda masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila suka nuna a 2013 cewa ya fi yumɓu ƙarfi nesa ba kusa ba wajen tayar da ƙanƙara, duk da cewa yumɓun ya fi shi yawa a cikin ƙura.

Yanzu a jera ɗigo goma-goma a layi uku, kowane ruwa da sirinjinsa, kowane ɗigo kamar ƙwayar gero. A rufe. Nan ne aka fi yin kuskure: ɓurɓushin ƙanƙarar firiza ɗaya tak in ya faɗa kan ɗigo, nan take zai daskare, gwajin ya lalace.

A sa a firizar da ta daɗe da wuta, wadda sanyinta ya kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili. A riƙa leƙawa duk minti biyar da tocila, ba tare da girgiza farantin ba. Ɗigon da bai daskare ba yana nan garau, yana sheƙi. Wanda ya daskare kuwa zai yi fari dishi-dishi kamar ƙwayar shinkafa. A ƙirga, a rubuta. Abin da ake sa ran gani shi ne layin tsakuwa ya riga, na ƙura ya biyo, na tsabta ya yi jinkiri. A maimaita sau uku, domin ƙurar taga tana ɗauke da wasu abubuwa, har da ƙwayoyin halitta, da ke sauya sakamako.

Me ya faru? A 'yan tsage-tsagen jikin ma'adinin, ƙwayoyin ruwa suna samun wurin jeruwa irin jerin ƙanƙara, sauran kuma su bi sahu. A sama, da zarar ƙanƙara ɗaya ta samu, sai ta riƙa jan tururi, ɗigon da ke kewaye da ita suna ƙafewa, tana girma har ta yi nauyi ta faɗo, ta narke a hanya ta iso mana a matsayin ruwan sama. Da hunturu kam ƙurar tana nan jingim, amma iskar a bushe take, shi ya sa hazo kawai muke gani.