Shawara ga sababbin ɗaliban karatu daga nesa

'Yan'uwa da kuka samu gurbi a Jami'ar NOUN (Jami'ar Karatu daga Nesa ta Najeriya), wadda aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo, ina ba ku shawarar kada ku tsaya ga waya da kwamfuta kaɗai, domin wanda bai taɓa taka cibiyar karatunsa ba yakan daɗe yana jin kamar shi ba ɗalibin jami'a ba ne. Ku je cibiyar da kuka yi rajista, ko a Kano take ko a Kaduna, ku karɓi katin shaidarku, ku kuma halarci bikin rantsar da sababbin ɗalibai ko da zai ci muku kuɗin mota.

A ranar, ku nemi mutum uku ko huɗu da kuke kwas ɗaya, ku tsayar da lokaci guda a mako, misali bayan la'asar ranar Asabar, ku riƙa bitar darussa tare kafin wa'adin aikin TMA (aikin gida da ake ba ku maki a kansa) ya cika. A ganina, ƙaramin rukuni irin wannan ya fi amfani a kan babban zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane, inda tambaya takan ɓace cikin gaishe-gaishe da talla. Idan kuma wani a gida ya tambaya ko karatun gaske kuke yi, ku nuna masa katin da jadawalin jarrabawarku.