Yadda ake shirya tsohuwar motar alfarma don tseren sa'o'i 24

A shekarar 1971, a filin tsere na Spa da ke ƙasar Beljiyam, wata ƙatuwar Mercedes-Benz 300 SEL, irin wadda attajirai ke hawa, ta zo ta biyu a tseren sa'o'i 24, ta kuma zama ta ɗaya a ajinta. Kamfanin AMG, mai ƙara wa motocin Mercedes ƙarfi, shi ne ya shirya ta, Hans Heyer da Clemens Schickentanz suka tuƙa, jama'a kuma suka laƙaba mata Jan Alade saboda launinta da girman jikinta.

Wanda zai bi sawunta sai ya fara da rage nauyi, domin nauyi shi ne babban ciwon irin wannan mota. AMG sun cire mata bamba, sun kuma sa ƙofofin alminiyam. Bayan haka a kafa ƙarafan kariya a ciki saboda direba, wannan kuwa ba abin sasauci ba ne.

AMG sun faɗaɗa injin daga lita 6.3 zuwa 6.8, har ƙarfinsa ya kai na dawakai kusan 428. Sai dai a ganina, makaniken da ya ƙarar da kuɗinsa wajen ƙara ƙarfi, ya bar tsohon lagireto da tsofaffin tiyo, ya gina ramin kansa, domin injin da zai yini yana ruri ya kuma kwana yana ruri, zafi ne ke fara kashe shi. A sa babban lagireto, a samar wa baƙin mai hanyar hucewa, a sauya duk robar da ta bushe ko da ba ta fara yoyo ba.

Birki da taya su ne mota mai nauyi ke cinyewa. A faɗaɗa mazaunin ƙafafu don faffaɗan tayoyi su shiga, sannan makanikai su yi ta gwada sauya taya cikin duhu, kowa da sifanarsa a wuri guda, har hannu ya saba. A ƙara fitilu a gaba saboda tuƙin dare.

A ƙarshe a zaɓi filin da ya dace da ita. Zagayen Spa na wancan lokaci ya kai kilomita 14, mai dogayen miƙaƙƙun hanyoyi inda babban inji ke sakewa. A lissafa kuma sau nawa za a tsaya shan mai, domin babban inji akwai ci, kuma motar da ta sha gaban Jan Alade a ranar Ford Capri ce, wadda ta fi ta rashin nauyi nesa ba kusa ba.