Yadda Za Ka Ga Tashar Sararin Samaniya da Idonka Daga Maraɗi

A wasu ranaku, tsakanin sallar magariba da ta isha'i, wani farin haske mai kama da babban tauraro yakan taso daga ɓangaren yamma, ya ratsa samaniyar Maraɗi a natse cikin minti huɗu zuwa shida, sannan ya ɓace. Da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa ganinsa sun ɗauka jirgin sama ne, suka ci gaba da hirarsu. Wannan haske kuwa shi ne Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ISS, wato gida kuma ɗakin bincike da ƴan sama-jannati suke zaune a cikinsa. An harba sashenta na farko daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan a watan Nuwamba na 1998, kuma tun ranar 2 ga Nuwamba na 2000 ba a taɓa barin ta babu mutum a ciki ba. Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai ne suka haɗa hannu wajen gina ta, kuma yawanci mutum bakwai ne suke aiki a cikinta a lokaci guda. Ganin ta ba ya buƙatar madubin hangen nesa ko wani kayan aiki mai tsada. Abin da ake buƙata shi ne sanin lokaci, da sanin inda za a fuskanta.

Kafin a kai ga lokacin, yana da kyau mai kallo ya fahimci dalilin da ya sa ake ganin ta, domin wannan fahimtar ce za ta hana shi ɓata dare a banza. Tashar ba ta da fitilar da ke haskowa har ƙasa. Hasken rana ne yake dukan jikinta da manyan farantan solarta ya dawo mana, kamar yadda wata yake yi. Tana shawagi ne a nisan kilomita 400 da ɗoriya daga doron ƙasa, wanda ke nufin idan ta zo daidai kan Maraɗi ta fi Yamai kusa da mu. Da rana tsaka samaniya ta yi haske da yawa, ba za a iya rarrabe ta ba. Da tsakar dare kuma ita kanta tana cikin inuwar duniya, babu hasken da za ta mayar. Saboda haka lokacin ganin ta shi ne ɗan tsakanin nan da rana ta faɗi a wurinmu, gari ya fara duhu, amma ita can sama rana ba ta faɗi mata ba tukuna. A yankinmu, inda duhu yake saurin shiga bayan faɗuwar rana, wannan dama tana farawa kamar rabin awa bayan magariba, ta ƙare jim kaɗan bayan shigar isha'i. Haka abin yake da asuba, daga wajen kiran salla zuwa lokacin da gari zai fara wayewa sosai. Rana tana faɗuwa a Maraɗi daga wajen ƙarfe shida a ƙarshen Nuwamba zuwa wajen ƙarfe bakwai a Yuni da Yuli, don haka lokacin kallon yana motsawa tare da lokutan salla, kuma wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ba zai ruɗe ba.

Ba kullum take bi ta kanmu a wannan lokaci ba. Tana zagaya duniya sau ɗaya a cikin kimanin minti 90, wato kusan sau 16 a yini, da gudun da ya kai kilomita 28,000 a awa, amma duniya ma tana juyawa a ƙarƙashinta, shi ya sa kowane zagaye yake bi ta wani wuri dabam da na baya. Sakamakon haka za a iya samun kwanaki a jere tana bayyana da yamma ko da asuba, sannan a shafe mako biyu ko fiye ba a gan ta ba. Dole ne ke nan a nemi jadawali.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, tana da manhaja ta kyauta mai suna Spot the Station, akwai kuma shafin intanet na Heavens-Above wanda ya daɗe yana ba da irin wannan lissafi, da manhajar ISS Detector ta wayoyin Android. Duk wadda ka zaɓa, abu na farko shi ne ka tabbatar ta san inda kake. Ka kunna GPS na wayar, ko ka rubuta sunan Maraɗi, ko ka shigar da lambobin wurin da hannunka: digiri 13.5 arewa, digiri 7.1 gabas. Ka kuma duba agogon wayar, domin kuskuren minti uku ya isa ya sa ka fito bayan ta wuce. Lokacin Nijar yana gaban na GMT da awa ɗaya, kuma idan ka ga jadawalin ya ba ka ƙarfe biyar da rabi na yamma, lokacin da rana take sama, to alama ce cewa ba a saita lokacin ƙasarmu ba.

Jadawalin zai nuna maka abubuwa huɗu a kan kowace wucewa: lokacin da za ta bayyana da ɓangaren da za ta fito, iyakar tsayin da za ta kai a sama, inda za ta ɓace, da kuma ƙarfin haskenta. Tsayin ana auna shi da digiri, daga sifili a inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa 90 a daidai tsakiyar kai. Hanya mafi sauƙi ta aunawa ita ce ka miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan kimanin digiri 10 ne, sai ka riƙa ɗora ɗaya a kan ɗaya daga ƙasa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ƙyale duk wucewar da ba ta kai digiri 40 ba, domin ta ƙasa-ƙasa katangu da itatuwan dogon yaro da ƙurar gari za su rufe ta, mutum ya koma gida yana zaton lissafin ƙarya ne. Lambar haske kuma tana da wani juyi da ya kamata a sani: idan lambar ta fi ƙanƙanta, hasken ya fi ƙarfi. Wucewar da aka rubuta mata -3 ko -3.5 tana da haske ƙwarai, ta kusa kamo Zara matar wata, wadda takan kai wajen -4, alhali wadda aka rubuta mata -1 ba ta wuce tauraro mai haske sosai ba.

Batun fuskanta shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma ni kaina a nan na fara faɗuwa. Mun saba kiran alƙibla gabas, amma daga Maraɗi alƙibla ta karkata zuwa arewa da kusan digiri 20 daga ainihin gabas ɗin da jadawali yake nufi. A karona na farko na auna komai daga inda nake fuskanta in yi salla, sannan na ƙara da wani kuskuren, na karanta harafin O na Faransanci a jadawalin ban tsaya na tuna cewa yamma yake nufi ba, wadda a Turanci ake rubutawa da W. Na tsaya ina duban wani ɓangare dabam har lokacin ya wuce. Mafita ita ce ka tantance kusurwoyinka tun da sauran hasken rana. Ka lura da inda rana ta faɗi, wannan ɓangaren yamma ne, ko da yake takan ɗan karkata kudu a lokacin sanyi, ta karkata arewa a farkon damina. Idan ka fuskanci can, arewa, wato ɓangaren Dakoro, tana hannunka na dama, kudu kuma, ɓangaren Madarunfa da Ɗan Isa, tana hagunka. Manunin alƙibla da ke cikin waya ma yana nuna arewa, kuma zai taimaka muddin ba ka tsaya kusa da ƙofar ƙarfe ko mota ba. A samaniyarmu tashar hanya biyu take bi: ko ta taso daga kudu maso yamma ta nufi arewa maso gabas, ko ta taso daga arewa maso yamma ta nufi kudu maso gabas. Ba ta taɓa tafiya daga gabas zuwa yamma.

Wurin tsayawa ba ya buƙatar tafiya mai nisa, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya shiga daji da dare saboda wannan ba. Filin ƙwallo na unguwa, ko harabar makaranta, ko saman soro, ko tsakar gida mai faɗi duk sun isa, matuƙar babu fitila mai ƙarfi a gaban idonka. Ka fito minti goma kafin lokaci, ka rage hasken wayar, ka bar idonka ya saba da duhu. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa ya fi kowane dare kyan kallo. Game da yanayi kuwa, lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, shi ne mafi alheri, domin ruwa ya wanke sama kuma hazo bai sauka ba. Idan hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai dararen da ƙura take dushe komai sai abin da ke tsakiyar sama, a irin su sai a jira wucewa mai tsayin digiri 60 ko fiye. Da damina hadari ne matsala, amma daren da ya biyo bayan ruwan la'asar yakan zo da samaniya garau.

Alamomin gane ta a fili suke. Haskenta fari ne, tsayayye, ba ya ƙyaftawa, babu ja ko kore a tare da shi, kuma babu ƙara. Jirgin sama yana da fitilu masu walƙiya. Tauraron da ake gani yana faɗuwa cikin daƙiƙa ɗaya yake ƙonewa. Ita kuwa takan fara da rauni a ƙasa-ƙasa kamar ba ta motsi, tana hawa tana ƙara haske da sauri, har idan ta zo tsakiyar sama sai ka juya wuya kana bin ta. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen wucewar yamma, lokacin da take shiga inuwar duniya tun ba ta kai ƙasa ba. Hasken yakan koma ja-ja na ƴan daƙiƙu, sannan ya mutu a tsakiyar taurari. A daidai wannan lokaci rana ce ta faɗi wa mutanen da ke ciki, abin da suke gani sau 16 a kowace rana. Daga nan farantan sola sun daina ba su wuta, batura ne za su riƙe tashar na kusan rabin awa har rana ta sake fito musu, tsarin da duk mai sola a gidansa ya san irinsa.

A daren da na fara dacewa, muna zaune a ƙofar gida da ɗan ƙanwata da wani dattijo maƙwabcinmu. Na faɗa musu cewa nan da minti biyu wani haske zai fito ta saman wancan dogon yaro. Yaron ne ya fara hango shi, ya miƙe yana nuni yana cewa, "Kawu, ga shi can, yana tafiya!" Dattijon ya bi hasken da ido bai ce komai ba har ya ɓace, sannan ya juyo ya ce, "Yanzu ɗana, da mutane a cikin wannan abin?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, suna ciki suna aiki." Ya ce, "Ikon Allah," ya kuma tambaye ni yadda Musulmi zai yi salla a wurin da rana take fitowa duk bayan awa ɗaya da rabi. Tambayar ta taɓa tasowa a zahiri, domin a 2007 Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je tashar a ƙarshen watan azumi, kuma malaman ƙasarsa sun tsara masa jagora a kan lokutan salla da fuskantar alƙibla. Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ya yi wata shida a can a 2023. Ina ganin duk wanda zai fita kallo ya kamata ya tafi da yara, ya kuma faɗa musu lokacin tun kafin hasken ya bayyana, domin ganin lissafi ya cika daidai minti a gaban idonsu yana sa musu son ilimin lissafi da kimiyya fiye da dogon bayani.

Wanda yake son hoto kada ya riƙe wayar a hannu. Ya jingina ta da bulo ko turmi tana kallon sama, ya zaɓi yanayin ɗaukar hoton dare ko ya buɗe kyamarar na daƙiƙa 10 zuwa 30 idan wayar tana da wannan dama, tashar za ta fito kamar farin zare a tsakanin taurari. A karon farko dai gara a ajiye wayar a kalla da ido.

Ka sake duba jadawalin a ranar da za ka fita, kada ka dogara da wanda ka gani mako biyu da suka wuce. Ƴar iskar da ta rage a can sama tana jan tashar ƙasa a hankali, shi ya sa lokaci-lokaci ake kunna injuna a ɗaga ta, kuma hakan yana sauya lokutan wucewarta. Bisa tsarin da NASA ta sanar, za a ci gaba da aiki da ita zuwa 2030, daga nan a sauko da ita a wani yanki na tekun Pasifik da babu mutane. Idan ka ƙware da ita, manhajojin Heavens-Above da ISS Detector suna nuna lokutan tashar ƙasar Sin mai suna Tiangong, wadda aka fara harba sassanta a Afrilu na 2021. Ta fi ƙanƙanta, haskenta bai kai na ISS ba, don haka a nemi wucewarta mai tsayi a daren da babu hazo. Idan kuma wata rana ka ga ɗigo-ɗigon haske da yawa sun jeru suna bin juna kamar ayarin raƙuma, waɗannan taurarin ɗan'adam ne na Starlink da ba a daɗe da harbawa ba, kuma cikin ƴan kwanaki sukan warwatsu su dushe.