Yadda Za Ka Ji Daɗin Faifan Eagles a Jidda Ba Tare da Zafi Ya Lalata Shi Ba

Wanda bai san Eagles, ƙungiyar mawaƙan Amurka, ba sai ta waƙar "Hotel California", rabin ƙungiyar ya sani. Tushensu kiɗan country rock ne, wato haɗin kiɗan karkarar Amurka da na rock, kuma a faya-fayansu na farko yake. Glenn Frey da Don Henley da Bernie Leadon da Randy Meisner ne suka kafa ƙungiyar a Los Angeles a 1971, bayan sun yi wa Linda Ronstadt kiɗa. Leadon shi ne mai banjo, wadda kunnen Bahaushe zai ji ta kusa da gurmi. Da ya fita a ƙarshen 1975, Joe Walsh ya maye gurbinsa, sai kiɗan ya karkata ga jitar lantarki.

Saboda haka ka bi su daki-daki. Fara da faifansu mai suna Eagles na 1972, wanda Glyn Johns ya naɗa a Landan, sai Desperado na 1973, sai On the Border na 1974, lokacin da Don Felder ya shigo. A waƙar "Take It Easy" ka ƙyale babbar murya tukuna, ka kasa kunne ga masu amshi da banjon da ke gudu a ƙarƙashi. Wannan haɗin muryoyi ne gadon da mawaƙan country da suka biyo baya suka ɗauka, kuma shi ne abin da allurar garmaho marar kyau ke fara dagulawa.

Idan ka tarar da faifai a haraj, wato kasuwar gwanjo, kada kwalinsa ya ruɗe ka. Zaro shi, ka karkata shi ga haske. Zanen da farcenka ya ji, allura ma za ta ji shi. Ɗaga shi daidai ido ka duba gefensa: in ya lanƙwashe, bar shi, da wuya ya miƙe.

Garmaho kuwa, a nan mutane suka fi asara. Wutar Saudiyya hertz 60 ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, ta Turai da Sudan 50. Tsohon garmaho da injinsa ke bin bugun wuta kai tsaye, in an ƙera shi don 50, zai juya sau 40 a minti maimakon 33 da sulusi, muryar Henley ta sirance, waƙa ta yi ta sauri. Taransifoma ba ta gyara wannan, ƙarfin wuta kaɗai take canzawa. Karanta rubutun bayan na'urar kafin ka biya. Na Amurka 60 ne, amma bolt 120 yake ci, a wasu tsofaffin gidaje kuma akwai soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya, sai ka tabbatar kafin ka jona.

Nauyin allura a kan faifai yawanci wajen giram 2 ne, amma ka bi abin da kamfaninta ya rubuta, ka auna da ƙaramin sikeli. Rage nauyi ba tausayin faifai ba ne: allura tana tsalle cikin layi tana kankare shi. In ka ji gurnani a lasifika, siririyar wayar at (earth) ce ba a ɗaure ta a bayan amfilifaya ba. In sauti ya fito ƙasa-ƙasa ba kauri, ba ka sa wayar garmaho a ramin amfilifaya da aka rubuta wa phono ba. In gudun yana hawa yana sauka, bel ɗin roba ya saki, abin da zafi ke saurin jawowa.

Ajiya a tsaye ake yi, ba a jibge wani kan wani, nesa da taga. Kada ka bar faifai a mota ko don sallar Azahar kawai. Danshin Jidda yana sa kwali fumfuna, don haka ɗaki mai iyakwandishan ya fi sito. Ka share ƙura da burushi mai laushi kafin kowane juyi, in wanki ya kama kuma, ruwan batir tsantsa wanda ba asid za ka sa, don na famfo yana barin gishiri cikin layukan. Ka kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, ka bar shi ya bushe sarai kafin ya koma riga.