Yadda zaka farfaɗo da tsohuwar kyamarar fim da ka gada ba tare da ka ƙarasa ta ba

Dan Allah kafin komai kar ka buɗe marfin baya. Na sha ganin mutum ya ciro kyamarar babansa daga akwati, hannunsa na farko sai kan marfin, alhali wataƙila akwai fim a ciki da hotunan da marigayin ya ɗauka bai kai wanki ba, haske na taɓa shi shikenan sun tafi har abada. Juya ɗan hannun naɗe fim ɗin nan na sama ta hagu a hankali, in kaji yana turjewa to akwai fim. Danna ɗan maɓallin ƙasan kyamarar, naɗe shi duka ya koma gwangwaninsa sannan ka buɗe. Baƙi da fari yakan fito ko ya shekara talatin, mai kala ne yake koɗewa.

Sai batir. In hannun jan fim ya ƙi tafiya bar shi, kar ka nuna masa ƙarfi. Canon AE-1 ta 1976 ba ta ɗauka sam sai da batirinta 4LR44, mutane su zata ta mutu suyi ta murɗawa har su karya wani abu a ciki. Pentax K1000 kuwa batir na mitar haske ne kawai, wato ma'aunin da ke nuna maka yawan haske, ko babu shi tana aiki. In kaga farin gari ko kore-kore a gidan batir, goge da auduga da ɗan binega. Irin su Olympus OM-1 da Minolta SRT-101 an yi su ne da batirin makuri (mercury) mai volt 1.35 wanda aka daina yi, in ka sa na zamani mai 1.5 mitar zata riƙa yi maka ƙarya. Ni batirin na'urar jin magana mai lamba 675 nake sawa, yana da arha, illarsa baya daɗewa.

Yanzu inda ni na sha kashi. A jikin marfin baya ta ciki, da wajen hinjin, da saman inda madubi yake bugawa, akwai wani siririn baƙin soso da ke hana haske shiga. Shekara arba'in ta maida shi kamar kwalta. Ni ban duba ba, na sa fim na cinye hoto 36 ina ta murna, da aka wanko kowane hoto da jan zane ya ratsa shi daga sama har ƙasa, fuskar ƙanwata ma rabi ce ta fito. Taɓa soson da tsinken sakace, in ya manne ko ya marmashe to ya gama yayi. Jiƙa shi da sifirit, ka kankare da tsinke na itace, ba allura ba, ba wuƙa ba. Aikin yana cin lokaci wallahi, awa biyu zaka iya yi akan ramin nan siriri, kuma ka kula ƙwarai kada ɓurɓushin ya faɗa kan labulen shota, wanda yake buɗewa haske ya shiga lokacin ɗauka. Madubi da gilashin da ke samansa kar sifirit ya kusance su, suna saurin lalacewa. Ana sayar da sabon soso yankakke daidai da kowace kyamara, amma ni zaren ulu baƙi nake turawa cikin ramin, yana yi sarai. Kuma kar in ji ka fesa WD-40 a ko'ina, wannan ba kwaɗon ƙofa bane.

Lensi kuma, cire shi ka haska tocilan ta baya. Ƙura ba komai bace. In kaga abu kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, danshi ya kawo ta, ware shi daga sauran ka kai wa mai gyara, kar ka kwance da kanka. Rawaya-rawayan da lensin Takumar 50 f/1.4 na Pentax yake yi ba lalacewa bace, sinadarin toriyam ne a gilashin, hasken rana na wasu kwanaki yana rage shi.

Maganar daraja, mutane suna ruɗar kansu. Tsufa ba shine tsada ba, AE-1 miliyoyi aka yi. Leica M3 ta 1954 ko Rolleiflex su ne wani zance daban. Shiga kasuwar intanet ta eBay ka duba abin da aka riga aka sayar, ba kuɗin da masu saidawa suka rubuta ba, ka gwada da irin lafiyar taka. Sau da yawa lensin yafi jikin kyamarar kuɗi, don haka kar dillali ya ce maka a haɗa duka a jimla.

In zaka yi amfani da ita, sa fim mai arha ɗaya kamar Kodak Gold 200, ɗauka a kowane gudu na shota, wanke ka gani. Lensin ma yana hawa kyamarorin Sony ko Fujifilm marasa madubi da ɗan adafta, da hannu zaka saita fokas. Tsohon lensin Canon FD dai baya zama daidai akan kyamarar Canon mai bakin EF sai da adafta mai gilashi, kuma hoton baya daɗi, kar ka ɓata kuɗinka. Ajiya kuma cire batir, cire ta daga tsohuwar jakar fatar nan, ita ce take tara danshin.