Yadda Ake Binciken Labarin Abin Al'ajabi Kafin a Yanke Masa Hukunci

Da wuya a sami unguwar da ba ta da irin waɗannan labarai: gidan da ake jin takun tafiya a kan rufinsa da tsakar dare, hasken da aka gani yana yawo a bakin maƙabarta, mai duban da ya faɗa wa wata mata sirrin da ta rantse ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Galibin masu ba da labarin ba maƙaryata ba ne, kuma a nan ne wahalar binciken take, domin mutum yana iya kasancewa mai gaskiya da amana, amma idonsa ko kunnensa ko abin da ya tuna ya yaudare shi. Wannan jagora bai shafi batun samuwar aljanu ba, wanda musulmi ya riga ya san matsayinsa a kai. Tambayar da ya shafa ƙarama ce, kuma ana iya amsa ta: wannan abin da ya faru a wannan gida, a wannan dare, me ya jawo shi? Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai Annabi ya gyara musu da cewa rana da wata ba sa yin kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abubuwa biyu sun faru a yini ɗaya, amma ɗaya bai jawo ɗaya ba, kuma wannan rarrabewar ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Aikin farko shi ne ka raba abin da mutum ya gani da sunan da ya ba abin. Idan ya ce aljana ya gani, ka roƙe shi cikin ladabi ya bayyana abin da idonsa ya kama: launinsa, tsayinsa, nisan da ke tsakaninsu, da ƙarfe nawa, da irin hasken da ke wurin, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana kallo. Sau da yawa za ka tarar bayanin ya koma wani farin abu ne mai motsi, daga nesa, na ɗan ƙiftawar ido. Idan shaidun suna da yawa, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya a keɓe, kafin su zauna su daidaita labarinsu ba da niyya ba, kuma ka rubuta abin da kowa ya ce a ranar. Ka kula da lafazin tambayarka. A shekarar 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai a Amurka hoton bidiyon haɗarin mota, suka tambayi wasu gudun da motocin suke yi sa'ad da suka "bugi" juna, wasu kuma sa'ad da suka "ragargaji" juna. Waɗanda aka yi wa tambaya da kalma mai zafi sun ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako ɗaya sun fi sauran cewa sun ga fasassun gilasai, alhali babu gilashin da ya fashe a bidiyon. Saboda haka kada ka ce "ƙafarta irin ta jaki ce, ko?" Ka ce "me ka gani a ƙasa?" ka yi shiru.

Bayan haka sai ka auna yanayin da aka yi ganin a cikinsa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Masar a farkon ƙarni na 11, ya ware sashe guda ga kurakuran gani, inda ya nuna cewa ido yana kuskure idan haske ya yi ƙaranci, ko nisa ya yi yawa, ko lokacin kallo ya gajarta, ko idon kansa ba shi da lafiya. Kana iya gwada raunin idonka da kanka: zana ɗigo biyu a takarda da tazarar kimanin santimita 10, ka rufe idon hagu, ka kafa na dama a kan ɗigon hagu, sannan ka riƙa matso da takardar a hankali. A wani wuri ɗigon dama zai ɓace ɗungurungum, domin hotonsa ya faɗa daidai inda jijiyar gani ta fita daga ido, wurin da ba ya karɓar haske. Ba za ka ga rami a wurin ba. Ƙwaƙwalwa za ta cike shi da farin takarda. Ita ƙwaƙwalwa haka take aiki kullum, tana cike gurbi da abin da take tsammani, kuma abin da ta fi gaggawar hangowa shi ne fuskar mutum. A 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauko hoton wani tsauni a duniyar Mars mai kama da fuska, aka shafe shekaru ana cewa ginin wasu halittu ne, har sai da kumbon Mars Global Surveyor ya ɗauko hotuna masu kyau a 1998 da 2001, aka ga tsauni ne kawai da inuwa ta faɗa masa ta wani ɓangare. Rigar da aka shanya a igiya da dare tana yin irin wannan aikin.

Game da haske mai yawo, akwai abin da ya kamata a sani: idan mutum ya zura wa ɗan ƙaramin haske ido a cikin duhu, inda babu bishiya ko gini da zai auna shi da su, hasken zai fara yi masa kamar yana motsi ko da a kafe yake. Tauraruwar Zara, wadda ta fi kowace haske bayan wata, ta sha ruɗa mutane ta wannan hanya. Maganinsa shi ne ka daidaita hasken da kan sanda ko gefen katanga, ka tsaya ba motsi, ka ga ko zai bar wurin. Haka nan kada ka yarda da hujjar "da akwai mutum a wurin da na gan shi." A gwajin da Daniel Simons da Christopher Chabris suka wallafa a 1999, an sa mutane su ƙirga yadda 'yan wasa ke miƙa wa juna ƙwallo a bidiyo, sai wani mai sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu ya bugi ƙirji ya wuce, kuma kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba.

Daga nan sai ka duba jikin mai ba da labarin, kuma a ganina wannan shi ne matakin da bai kamata a jinkirta ba, domin rai yana iya rataya a kansa. Dannau sananne ne a wajen likitoci. A lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki, to wani lokaci sai ya farka kafin ƙarfin ya dawo, ya ji nauyi a ƙirji, ya kasa magana, har ya ga wani a tsaye a kansa, saboda guntun mafarkin bai gama sakinsa ba. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan, kuma ya fi samun mai ƙarancin barci, da mai damuwa, da mai kwanciya rigingine. Ka tambayi mutumin yadda barcinsa yake a kwanakin nan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne hayaƙin janareto da na gawayi, waɗanda ke fitar da iskar kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari. Tana kawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ruɗewa, kuma tana kashe iyali gaba ɗaya a cikin barci. Idan mutanen gida da dama suna fama da waɗannan alamu a lokaci guda, suna samun sauƙi idan sun fita waje, to kafin komai a fitar da kowa, a kashe janareton ko a fitar da kaskon wutar, a buɗe tagogi, a tafi asibiti. Farfaɗiya, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da taɓin hankali, duk suna iya sa mutum ya faɗi, ko ya yi surutai, ko ya ji muryoyi. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma kwana uku da aka yi ana jira a gida suna iya hana likita yin amfani.

Idan matsalar ta wuri ce, ka je wurin a daidai lokacin da abin ke faruwa, tare da mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa, da tocila mai ƙarfi da waya mai ɗaukar murya. Kwanon rufi yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, yana ƙara kamar ana jifa. Ɓeraye da jemagu da mujiya suna zama a cikin silin, kuma bututun ruwa yana buga bango idan ruwa ya dawo da dare. Ka canza abu ɗaya tak a kowane dare, misali ka toshe ramin silin yau, gobe ka sare reshen da ke gogar rufi, domin idan ka canza komai a lokaci guda ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba. Idan jifa ne ko gobara mai yawan tashi, ka rubuta waɗanda suke gida a kowane karo, ba tare da ka zargi kowa ba.

Gwada mai da'awar sanin ɓoye ya fi buƙatar tsari. A Berlin, wajen 1904, wani doki mai suna Hans ya shahara da amsa tambayoyin lissafi ta hanyar buga kofato, kuma mai shi, Wilhelm von Osten, ya yi imani da dokinsa da zuciya ɗaya. Wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya gano cewa dokin yana kasa ba da amsa daidai idan mai tambayar bai san amsar ba, ko idan dokin ba ya ganinsa. Ashe yana karanta ɗan motsin kai da sakin jiki da mutane ke yi ba da saninsu ba idan bugun ya kai adadin da ake nema. Gwanin duba yana karanta mai zuwa wurinsa fiye da yadda dokin ke yi, ta tufafi da shekaru da sauyin fuska, sannan ya haɗa da maganganun da suka dace da kowa, irin su "akwai wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka." A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa bayanin halayensu, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki kusan 4.3 cikin 5 wajen dacewa, alhali takarda iri ɗaya ya ba su duka. Don haka ka rubuta ainihin abin da mai duban ya faɗa, ka ware abin da kai ka fara furtawa da bakinka, ka ƙirga wanda ya kuskure kamar yadda ka ƙirga wanda ya dace. Haka za ka yi da mafarkin da ake cewa yana tabbata: a rubuta shi da safe da kwanan wata kafin wani abu ya faru, domin mutum yana riƙe ɗayan da ya dace ya manta da tulin da suka wuce a banza.

Idan mai da'awar ya yarda a gwada shi, ga tsari mai sauƙi. A kife kofuna 10 iri ɗaya waɗanda ba a ganin cikinsu, a rubuta musu lamba. Wani ya jawo lamba ta hanyar ƙuri'a, ya sa zobe a ƙarƙashin kofin da ta nuna, ya rubuta lambar a ɓoye, ya fita daga ɗakin kafin mai da'awar ya shigo, ta yadda babu wanda ya san amsa a cikin masu kallo. Mai cankar banza yakan dace kimanin sau ɗaya cikin 10, saboda haka dacewa ɗaya ko biyu ba hujja ba ce. Kafin a fara, a yi yarjejeniya a rubuce kan yawan zagayen da za a yi da adadin da za a kira nasara, kuma a bar shi ya fara gwadawa yana ganin inda aka sa zoben, ya tabbatar da bakinsa cewa wurin da ranar sun yi masa, don kada daga baya ya ce wani ne ya ɓata aikin. Da irin wannan tsarin ne gidauniyar James Randi, wani mai binciken irin waɗannan da'awoyi, ta ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya nuna wata baiwa ta ɓoye, har aka rufe tayin a 2015 ba wanda ya ci. Sharaɗi ɗaya ba ya canzawa: ba a gwada maganin bindiga ko na ƙarfe ko na guba a jikin mutum, ko da shi ya nema, domin an sha binne waɗanda suka yarda a gwada a kansu.

Wani lokaci za ka gama duk wannan ba ka gano dalili ba, kuma daidai ne ka rubuta cewa ba a gano ba, ka bar shi a haka. Inda ba a jira a gama bincike shi ne idan labarin ya koma zargin wani mutum. Jita-jitar satar mazakuta ta sake ɓarkewa a Abuja da wasu jihohi a 2023, aka lakaɗa wa mutane duka a kan titi saboda gaisawa da hannu, kuma da aka kai masu ƙorafin asibiti likitoci suka tarar da gaɓoɓinsu lafiya. Tsananin tsoro da sanyi suna sa gaban namiji ya tsuke na ɗan lokaci, wanda ya firgita kuma ya duba sai ya ga abin da yake tsoro. Idan ka tarar da irin wannan taron, kada ka tsaya gardamar ko abin yana yiwuwa, domin taron da ya fusata ba ya sauraron hujja. Ka nemi liman ko mai unguwa ko wani dattijon da ake jin maganarsa, ku shigar da wanda ake zargi wani gida ko shago a rufe, a kira 'yan sanda, sannan ku dage cewa a kai mai ƙorafin asibiti likita ya duba shi a gaban shaida ɗaya daga danginsa.